Wa Ya Zuba Mai a Lagireto?

Da safiyar ranar da aka dawo aiki, a-kori-kurar gidan burodi ta ƙi tashi. Sabon direba ya yi ta murɗa makulli har ta kama da ƙyar, tana karkarwa kamar mai zazzaɓi, farin hayaƙi yana tuɗaɗowa daga salansa. Ya kashe ta, ya ɗaga bonet, ya buɗe murfin lagireto. Maimakon ruwa sai ga wani abu mai kauri ya cika bakin, launin shayin da madara ta yi wa yawa, yana naɗewa a yatsa kamar man shafawa.

Ya ɗago yatsan ya nuna wa masu kwaɓa fulawa, ya ce baƙin mai ne wani ya zuba, don a kashe injin.

Kafin burodin farko ya huce, farfajiyar ta cika. Motar nan ita ce ƙafar gidan. Ita ke kai burodi shaguna da makarantu, kuma in haihuwa ta zo wa wata da gardama a unguwar, ita ake roƙa. Mai gidan, wadda kowa ke kira Uwar Burodi tun rasuwar mijinta, ta zauna a kan buhun fulawa ta yi tagumi. Ita ce ta ce a kirawo Mai Sawu.

Mai Sawu tsohon ma'aikacin gandun daji ne. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin ɓarayin katako da maharba, da ya yi ritaya kuma sai unguwa ta gaje shi. Akuya ta ɓata, shi ne. An fasa shago, shi ne. Ba a taɓa kama shi da kuskure ba, kuma ya san haka, ya ma fi kowa sani. Sabon direban ɗan ƙanwarsa ne, magidanci mai 'ya'ya, kuma Mai Sawu ne da kansa ya roƙa masa aikin bayan an sallami tsohon direba.

Ya sa mutane suka ja baya, ya tsuguna. Ƙasar farfajiyar laushi gare ta, ga garin fulawa da ke sauka a kanta kullum, ba ta ɓoye komai. Ga sawun mai gadi. Ga na ɗan ƙanwarsa kewaye da motar, wannan bai tsaya a kansa ba, ai direba ne. Sai ga wani sawu daban, takalmi mai faci a diddige, ƙafar hagu tana ɗan jan ƙasa. Ya shigo ta ƙaramar ƙofa, ya miƙe zuwa gaban motar, ya tsaya har ƙafafun suka nutse, sannan ya juya ya fita.

Mai Sawu ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa. Idanu sun yi masa caa, ana jira.

"Sannu-sannu ne," in ji shi. "Jiya da yamma ya shigo. Nan ya tsaya, gaban bonet."

Sannu-sannu shi ne tsohon direban. An laƙaba masa sunan ne don ba ya gudu, kuma ba ya wuce rijiya ko famfo bai tsaya ya leƙa ruwan mota ba. Burodi yana isa a makare, masu shaguna suna ƙorafi, har Uwar Burodi ta gaji ta sallame shi. Kowa ya ji abin da ya faɗa ranar da ya ajiye makulli, cewa za su gani a ƙwaryar shansu. Yanzu sai maganar ta dawo bakin kowa. Wani ma'aikaci ya tsinto galan ɗin baƙin mai a bayan katanga, babu komai a ciki, ya ɗaga shi sama.

Da taron ya ɗunguma zuwa gidan Sannu-sannu, Mai Sawu bai bi su ba. Ya tsaya shan shayin da Uwar Burodi ta sa aka kawo masa. Yana cikin sha ya ji ihun daga nesa.

* * *

Sun karya wa Sannu-sannu hannun dama kafin 'yan sanda su ƙwace shi.

Da la'asar matar Sannu-sannu ta zo gidan Mai Sawu. Ya zaci zagi ta kawo, ya ma shirya masa. Amma ta durƙusa ta gaishe shi kamar yadda ta saba, ta tambayi iyali, ta ƙi zama a tabarmar da aka shimfiɗa mata.

"Baba, tambaya ɗaya na zo yi," ta ce. "Ƙasar ta nuna maka ya tsaya. Ta nuna maka ya zuba?"

Ya buɗe baki zai ce mata sawu ba ya ƙarya, sai ya ga ba abin da ta tambaya ke nan ba. Ta jira kaɗan, ta yi masa sallama ta tafi.

Abincin da aka ajiye masa ya huce a rufe. Matarsa ta tambaya ko jikin ne, ya ce a'a. Abin da ke cin sa shi ne, a daji ba ya taɓa faɗin suna sai ya bi sawu ya ga inda ya ƙare. Yau kuwa ya ga taro yana jira, ya ji daɗin jiran, ya ba su suna.

* * *

Washegari ya tafi asibiti. Ya tarar da Sannu-sannu a kwance, hannu a naɗe da filasta, lafiyayyen kuma an ɗaure shi da ankwa a ƙarfen gado. Wani sajan na 'yan sanda yana zaune a bakin ƙofa yana gyangyaɗi. Fuskar mutumin ta kumbura har ido ɗaya ya rufe.

Mai Sawu ya gaishe shi. Da Sannu-sannu ya yi magana, rufin ɗakin yake kallo. Bai musa ba, ya ce ya shiga. Ranar hutu ce, yana zaune a ƙofar gida, sai ya ji motar ta wuce ta bayan layinsu. Ko a cikin motoci dubu ya san kukanta, kuma ranar ba kukanta ba ne, silinda ɗaya ba ta ɗauka. Ya yi ta faɗa wa kansa ba ruwansa, har yamma ta yi ya kasa zama. Ya tarar da ƙaramar ƙofa a buɗe, ba mai gadi. Ya ɗora tafin hannu a bonet, zafi ya sa ya janye. Ga kuma wani wari mai zaƙi-zaƙi yana tashi.

Mai Sawu ya tambaye shi me ya hana ya faɗa wa Uwar Burodi.

"Wadda ta kore ni? Cewa na yi bari gari ya waye in aika matata." Ya juyo da lafiyayyen idon. "Da garin ya waye kuma, ai ka riga ni."

* * *

Mai gadi ya rantse motar ba ta motsa ba ranar hutu, yana nan daram tun safe. Mai Sawu bai yi masa gardama ba. Ya dai kai shi bakin babbar ƙofa ya nuna masa inda gindinta ya share ƙasa ya zana rabin da'ira, zane a kan zane, sabo, ga sawun taya ya hau kai. Mai gadi ya yi ta sosa ƙeya, daga baya ya ce gaskiya ya je gidan kallon ƙwallo, wasa ya kai ga ƙarin lokaci, sannan aka tsaya musu. Ya roƙi kada Uwar Burodi ta ji. Wa ya fita da motar, bai sani ba. Makullin ƙofar a ƙusa yake rataye, duk ma'aikata sun san wurin.

Galan ɗin ma bai kai ko'ina ba. Mai Sawu ya juya shi a rana ya ga gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa, ƙasan kuma ya bar tabo a inda ya kwana biyu a zaune. Mai kula da janareta ya ce nasa ne, tun juyen man wancan watan ya jefar.

Sajan ya hana a taɓa motar, wai shaida ce. Sai da Mai Sawu ya yi ta kai da komo tsakaninsa da Uwar Burodi kafin aka yarda a kirawo bakanike.

* * *

Sifana ake ce wa bakaniken, gajere ne mai tumbi, ba ya aiki bakinsa a rufe. Ya lakato abin da ke bakin lagireton ya shinshina, ya ce irin wannan ƙazanta ba iri ɗaya ba ce, kowacce da uwarta. Akwai jan laka, wannan tsatsa ce, ta masu zuba ruwan famfo zalla shekara da shekaru. Akwai mai kama da majina, wannan in an haɗa koren ruwan sanyaya inji da ja ne, ba sa ga maciji. Wannan kuwa mai launin madara, mai ne ya auri ruwa.

Mai Sawu ya ce to ai abin da ake faɗa ke nan, an zuba mai.

Sifana ya yi dariya, ya zaro gejin baƙin mai ya miƙa masa. Man da ke jikin ƙarfen ya hau ya wuce alama, kuma shi ma ya yi fari-fari.

"Baba, a ce mugu ya zuba mai a lagireto ta sama. To wa ya kai ruwa cikin man da ke ƙasa? Aljani?"

Ya bayyana masa a hankali. Tsakanin kan inji da gangar jikinsa akwai wani siririn faifai da ake kira gasket. Aikinsa ya raba maƙwabta uku da ba sa shiri, hanyar ruwa, hanyar mai, da ɗakin wuta. In inji ya yi zafin da ya wuce ƙima, kan ya lanƙwashe, gasket ya ƙone, katanga ta faɗi, kowa ya shiga gidan kowa. Ya kwance fulogai ya jera su a kan tsumma. Duka sun yi baƙi da hayaƙi, ban da ɗaya da ya yi fes kamar yau aka sayo shi, tururin ruwa ya wanke shi. Ya mayar, ya cika lagireto da ruwa, ya tada motar. Kumfa ta riƙa tasowa daga ƙasa, ɓul, ɓul, ba tsayawa. Ya ce iskar ɗakin wuta ce take fita ta inda bai kamata ba.

"Ba wanda ya zuba mata komai. Dafa ta aka yi."

Mai Sawu ya dafa motar. Wato an karya hannun mutum a kan laifin da ba a ma yi ba.

Sifana ya kwance tiyon ƙasa don ya zubar da ƙazantar, ya tara tsohon kwano. Mai Sawu ya tsuguna yana kallo, don ba ya iya ganin abu ya zuba bai duba ba. Da kwanon ya lafa, ya tsiyaye saman, ya murza abin da ya kwanta a ƙasa tsakanin yatsu. Ya ji gurzo. Ya ɗauraye a tafin hannunsa. Farin yashi ne mai laushi, a cikinsa ga wasu 'yan mitsi-mitsin ɓawon katantanwa, ba su kai ƙwayar shinkafa ba.

Famfo ba ya kawo wannan, rijiya ma haka. Wuri ɗaya ya sani a duk kewayen.

* * *

Tayar baya ta hagu ba irin sauran ba ce, zanenta kamar ƙashin kifi. A kan kwalta ba abin gani, amma inda hanyar rafi ta rabu ta zama turɓaya, ga ta nan. Ya bi ta a ƙafa, rana tana dukan ƙeyarsa. Motar ta gangara sau da yawa ta hauro, kuma labarin a bayyane yake, in za ta sauka sawun sama-sama ne, in za ta hau sai ya nutse har gefen taya ya shafi ƙasa. Kaya aka ɗora mata fiye da ƙarfinta.

A tsakiyar hawan ya ga inda ta tsaya. An sa dutse a bayan taya. Ƙasar gaban ta yi ɓawo, ruwan zafi ya zubo ya bushe ya bar tabo kore-kore. Daga nan sawun mutum ɗaya ya ruga zuwa rafi, taku mai faɗi, ya dawo da nauyi a hannun dama, ruwa yana ɗiga a gefe. Ya koma, ya sake dawowa. Ruwan rafi mai sanyi aka ɗura wa injin da ke tafasa.

Mai Sawu ya daɗe a tsugune a kan sawun. Babban yatsan dama yana karkata ciki, diddige ba ya sauka sosai. Haka ƙanwarsa take taku, haka mahaifiyarsu take yi. Wannan ƙafar a tsakar gidansa ta koyi tafiya.

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ya ga wannan sawun jiya da safe a farfajiya. Ya ga tsohon taku a ƙarƙashin sabo, ga shatin tsintsiya a bayan motar inda aka share bodi. Idonsa ya gani, ya ɗauke kai, don shi ya kawo mutumin aiki.

A hanyar dawowa ya bi ta bayan gidan ɗan ƙanwarsa. Ga ɗakin da yake ginawa ya kai taga, don 'ya'yansa sun girma, ɗaki ɗaya ya yi musu kaɗan. Kusa da shi ga tsibin farin yashi an lulluɓe da tsohuwar tabarma. Mai Sawu ya tura hannu ciki, da danshinsa.

Ƙanwarsa ta hango shi ta katanga ta kira shi, Yaya, ya shigo ya sha ruwa. Ya ce sauri yake yi.

* * *

Da yamma ya tara su a farfajiyar gidan burodi: Uwar Burodi, sajan, Sifana, mai gadi, mai janareta, masu kwaɓa, sabon direba, da matar Sannu-sannu wadda ta tsaya can gefe. 'Yan kallo suka cika ƙofa.

Ya fara da kansa. Ya ce jiya ya faɗi suna kafin ya gama aiki, kuma duk abin da ya sami mutumin da ke asibiti, bakinsa ne ya fara jawo shi. Sannan ya sa Sifana ya nuna gejin da fulogin da kumfar. Mai janareta ya karɓi galan ɗinsa. Mai gadi ya faɗi inda ya je, kansa a ƙasa. Mutane suka fara kallon juna, kowa yana lissafin wanda ya san inda makulli yake.

Mai Sawu ya kwance ƙullin tsumma biyu a kan bonet. Ya ce na farko daga cikin lagireto ya fito. Na biyu kuma daga wani tsibi ne a bayan wani gida. Ya ce Uwar Burodi ta taɓa ta ji. Ta murza wannan, ta murza wancan, ta ga ɓawon katantanwa a duka biyun, ta tambayi gidan wa.

Mai Sawu ya juya ya dubi ɗan ƙanwarsa.

"Ka faɗa da bakinka. Ya fi maka sauƙi a kan in faɗa."

Sabon direba ya yi ƙoƙarin murmushi, bai yiwu ba. "Kawu, ni fa?"

"Kai. Na je rafin."

Sai mutumin ya zauna a ƙasa. Maganar ta riƙa fita guntu-guntu. Ya ce yashi kawai ya so ya ɗebo, ya mayar da mota ba wanda ya sani. Ya ga allurar zafi tana hawa, ya ce bari ya ƙarasa hawan tukuna. Da ta tafasa ya tsorata, ya ɗura mata ruwan rafi, ta tashi, har ya ƙara sahu. Da safe da ya ga abin da ke bakin lagireto ya san aikinsa ya ƙare, sai maganar mai ta zo bakinsa. Ya rantse bai ambaci sunan kowa ba, bai taɓa nufin a taɓa Sannu-sannu ba.

"Gaskiya ne, ba ka ambata ba," in ji Mai Sawu. "Ni na ambata. Kai kuma kana tsaye a nan ka ji sun tafi gidansa, ka yi shiru."

Wasu daga bakin ƙofa suka fara matsowa, irin matsowar jiya. Mai Sawu ya sha gabansu ya tsaya, ya ce duk mai son dukan wani yau, da shi zai fara. Sajan ya kama hannun sabon direba ya fita da shi ta ƙaramar ƙofa. Uwar Burodi ta tashi ta nufi matar Sannu-sannu, amma matar ta riga ta juya, ta kama hanyar asibiti.

* * *

An cire ankwar a ranar. Sifana ya sauke kan injin ya kai wurin masu gogewa, suka ce ya lanƙwashe amma bai tsage ba, zai gyaru. Uwar Burodi ta ɗauki nauyin asibiti, ta aika cewa makulli yana jiran mai shi. Likita kuwa ya ce hannun zai haɗe, amma ko zai iya jan giya kamar da, sai an gani. Ƙanwar Mai Sawu ta daina amsa sallamarsa. In ya wuce sai ta sa jika ya turo ƙofa.

Ranar da aka sallami Sannu-sannu, Mai Sawu ya je gidansa. Ya tarar da shi a tsakar gida, matarsa tana ba shi abinci a baki. Ƙofar da aka ɓalle tana jingine da bango. Mai Sawu ya cire hula, ya durƙusa a gaban mutumin da ya girme wa nesa ba kusa ba, ya nemi gafara.

Sannu-sannu ya gama tauna abin da ke bakinsa. Ya ce ya ji an wanke shi a farfajiya, ya gode. Amma waɗanda suka shigo gidan nan sun fi waɗanda suka tsaya a farfajiyar yawa. 'Yarsa ta je awo jiya, mai shago ya ce mata 'yar mai zuba mai.

"Baba, ba don ƙazanta na hana a share tsakar gidan nan ba," in ji shi. "Na bar maka ne. Sawunsu yana nan. Ka duba, ka bi su gida-gida, ka faɗa wa kowanne a gaban iyalinsa abin da ya yi da wanda ya yi wa. In ka gama ka dawo, sai mu yi maganar gafara."

Mai Sawu ya duba. Ƙasar ta dagule, taku a kan taku, amma ya san su, kusan duka. Ga na tela. Ga na mai shagon. Ga wani mai faɗi kusa da inda jini ya bushe, na maƙwabcin shi Mai Sawu ne, abokin hirarsa na kullum, wanda suke raba goro.

Ya mayar da hularsa, ya fita. Gidan maƙwabcin ne ya fi nisa daga nan, amma da shi ya fara. Ya tsaya a ƙofa ya yi sallama, ya ji muryar abokin nasa daga ciki yana cewa a shigo da shi, a kawo tabarma.

"Bar tabarmar," in ji Mai Sawu. "Kirawo mini matarka da 'ya'yanka."